Abubuwan da ya kamata ka sani kafin a sauya wa na'urar gwajin asibiti akwatin wuta

Mutumin da ya taso daga Kusasu, ko Kuyello, ko Dogon Dawa, ya biya kuɗin babur, ya ratsa daji da yaro mai zazzaɓi zuwa asibitin Birnin Gwari, babu maganar da ta fi karya masa zuciya irin a ce masa injin gwaji ya lalace, sai dai ya wuce Kaduna. Daga garin Birnin Gwari zuwa Kaduna tafiyar kimanin kilomita 120 ce, a kan hanyar da ta shafe shekaru tana cikin hanyoyin da matafiya suka fi tsoro a Arewa. Injiniyan da zai zo gyara ta nan zai biyo, kayan gyaran ma ta nan za su biyo.

Sau da yawa abin da ya mutu a cikin na'urar ƙaramin sashe ne, wato akwatin da ke karɓar wuta daga soket ya shayar da ita. Idan kuwa akwai wata na'urar irinta a kusa, dabarar da ke fara zuwa zuciyar ma'aikaci ita ce ya ciro na waccan ya saka wa wannan. Dabarar tana aiki, kuma ta ceci ɗakunan gwaji da yawa daga zaman jira na watanni. Sai dai idan aka yi ta da gaggawa takan mayar da matacciyar na'ura ɗaya ta zama biyu, ko ta tayar da na'urar da za ta riƙa fitar da sakamakon ƙarya. Ga abubuwan da ya kamata ma'aikacin ɗakin gwaji, da mai gyara, da shugaban asibiti su sani.

Mene ne akwatin wuta, kuma me yake yi?

Wutar da ke fitowa daga soket a Najeriya ƙarfinta bolt 230 ne, kuma tana kai da komo sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ita ce ake yi wa alama da AC. Sassan lantarkin da ke cikin na'ura kuwa ƙaramar wuta suke ci mai tafiya gefe ɗaya, wadda ake yi wa alama da DC, galibi bolt 5 ko 12 ko 24. Aikin akwatin wuta shi ne ya sauko da babbar, ya miƙar da ita, ya tace ta, sannan ya riƙe ta a ma'auni ɗaya ko da wutar waje tana hawa da sauka.

Yakan zo a siffa biyu. Akwai na waje, wato adafta irin ta kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda ake soka wa na'ura ta baya. Akwai kuma na ciki, fanel ne da aka ɗaure da sukurori a cikin na'urar, wayoyi da dama suna fita daga jikinsa zuwa fitila da motar da ke juya sassa da fanka da allon sarrafawa. Tsofaffin na'urori suna amfani da taransfoma mai nauyi. Na zamani kuwa ba su da nauyi, domin suna yanyanka wutar sau dubbai a daƙiƙa kafin su sauko da ita, kuma su ne suka fi yawa a yau a cikin madubin duba ƙwayoyin cuta, da injin ƙirga ƙwayoyin jini, da injin auna sinadaran jini.

Me ya sa yake yawan mutuwa a yankin nan?

Domin shi ne a bakin ƙofa, duk abin da wutar waje ta zo da shi a kansa yake fara sauka. Wutar Nepa takan zo ƙasa-ƙasa, ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi. Lokacin juya layi daga Nepa zuwa janareta wuta takan yi tsalle. Janaretan da mai ya kusa ƙare masa yakan yi ta sama da ƙasa kafin ya mutu. Idan wayar nutural ta tsinke a layin da ke da wayoyi uku masu wuta, soket ɗin da ya saba ba da 230 zai iya kai wa kusan 400, kuma kaɗan ne cikin akwatunan wuta ke tsira daga haka. Da damina ga tsawa.

A watan Oktoba na 2024, bayan lalata babban layin wuta da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna da kuma faɗuwar layin da ke biyowa ta Binuwai, jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. A irin wannan lokaci asibitoci kan koma kan janareta da inbata dare da rana, kuma inbata mai araha ba ta fitar da wuta mai santsi irin ta layi, abin da ke sa taransfoma da mota su riƙa ƙugi suna ɗaukar zafi.

Sai kuma zafi da ƙura. A cikin kowane akwatin wuta akwai kafasita masu ruwan sinadari a ciki, kuma ƙa'idar da masu ƙera su suka sani ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage musu rabin tsawon rayuwa. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan shan iska, zafin bazara ya zo ya tarar da su a toshe, kafasita ta kumbura ko ta bushe.

Me ya sa ake dogara da musayar kaya?

Matsalar ba ta Birnin Gwari kaɗai ba ce. A 2011 Lora Perry da Robert Malkin na Jami'ar Duke da ke Amurka sun duba bayanan kayan asibiti 112,040 a ƙasashe 16 masu tasowa, suka tarar kashi 38.3 cikin ɗari ba sa aiki. Shekara ɗaya kafin nan, wani nazari da Malkin ya yi tare da Allison Keane a asibitoci 60 na ƙasashe 11 ya nuna an iya tayar da kashi 72 cikin ɗari na na'urorin da suka tsaya ba tare da an shigo da kayan gyara daga waje ba. Cikin gyare-gyaren da aka yi, kashi 14 na akwatin wuta ne, kashi 18 kuma na sauran harkar lantarki irin su waya da filogi da fiyus. Ma'ana, kusan ɗaya cikin uku na abin da ke kwantar da na'urori harkar wuta ce da mai gyara na kusa zai iya magancewa idan ya san abin da yake yi.

A jihar Kaduna akwai ƙarin dalili. A 2016 gwamnatin jihar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin General Electric don sanya kayan aiki a cibiyoyin lafiya na matakin farko 255, ɗaya a kowace mazaɓa, da manyan asibitoci 23. Duk inda aka raba kaya a dunƙule irin haka, ko ta hannun gwamnati ko ta shirye-shiryen yaƙi da maleriya da tarin fuka, za a sami na'urori masu kama da juna a wurare da yawa. Wannan alheri ne, domin matacciyar na'ura a wata cibiya za ta iya raya wata a wata cibiyar. Sharaɗin kawai shi ne a bi ƙa'ida.

Tambayar farko: me ya kashe na farkon?

Wannan ita ce tambayar da aka fi tsallakewa, kuma ita ce ta fi kowace muhimmanci. Na'ura ta ƙi kunnuwa ba ya nufin akwatin wutarta ya mutu. A fara daga waje a shigo ciki: soket yana da wuta? Fiyus ɗin da ke cikin filogi mai ƙafa uku yana nan lafiya? Wayar ba ta karye daga ciki ba, musamman a wuyan filogi? Fiyus ɗin da ke bayan na'urar fa, da makunnin? Yawancin waɗannan da ƙaramar mitar auna wuta ake gano su cikin mintuna kaɗan.

Idan an tabbatar akwatin ne ya mutu, to hanya biyu ce. Ko dai abin ya zo masa daga waje, kamar tsawa ko tsallen wuta, ko kuma daga cikin na'urar ne, wato wani sashe ya haɗe yana zuƙar wuta fiye da ƙima har ya ƙona shi. Mota da ta cije, ko wayar fitila da ta narke ta taɓa ƙarfe, ko ruwan sinadari da ya zuba a kan fanel, duk suna iya haka. Idan daga ciki ne, sabon akwatin da aka saka zai bi sahun tsohon. Idan daga waje ne kuma ba a gyara soket ko janareta ba, kwanansa ƙidayayyu ne.

Akwai kuma yanayin da akwatin lafiyarsa ƙalau, kare kansa kawai yake yi. Na zamani da yawa idan suka ji an haɗe sukan kashe kansu, su sake gwadawa, su sake kashewa. Alamar haka ita ce ƙaramar fitila tana ƙyaftawa, ko fanka ta motsa ta tsaya, ko a ji ƙara ƙas-ƙas a kai a kai. Wanda ya ga haka ya nemi cutar a cikin na'ura.

Wanne za a gwada a jikin wanne?

Kowace hanya da haɗarinta. Idan aka ɗauki akwati mai kyau aka saka a matacciyar na'ura, akwatin ne ke cikin haɗari. Idan aka ɗauki akwatin da ake zargi aka saka a na'ura mai aiki don a ga ko zai tashe ta, na'urar ce gaba ɗaya ke cikin haɗari, domin akwatin da ya lalace yakan iya fitar da wuta fiye da ƙima, ya ƙona allon sarrafawa wanda ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. Wannan hanya ta biyu kada a bi ta ko kaɗan. Garin neman gira ne ake rasa ido.

Hanyar da ta dace ita ce a gwada kowanne shi kaɗai. A cire akwatin da ake zargi, a auna abin da yake fitarwa da mita. Tun da wasu sukan nuna daidai idan babu kaya a kansu, su faɗi da zarar an ɗora musu, sai a jona masa wani abu mara tsada ya ja wuta. Ƙwan motar hawa na bolt 12 mai wat 21 yana jan kusan amfiya 1.75, ya isa gwada layin bolt 12 na akwatin da ke iya ba da amfiya 2 ko fiye. Ita kuma na'urar, tana a kashe kuma an zare ta daga soket, a auna tsakanin kowace wayar shigar wuta da wayar ƙasa. Idan mita ta tsaya kusa da sifili ba ta motsa ba, akwai inda ya haɗe, kuma ba a saka mata komai sai an gano wurin.

Ƙa'ida ɗaya ba ta da togiya: idan na'ura ɗaya ce tak ta rage tana aiki a asibitin, ba a buɗe ta don gwaji.

Abubuwan da dole su dace

Ma'aikacin ɗakin gwaji ya fi kowa sanin cewa ba a ƙara wa mutum jini don kawai jinin ja ne, sai an duba rukuni an kuma gwada dacewa. Haka nan ake bi da akwatin wuta. Duk bayanan da ake bukata suna rubuce a takardar da ke manne jikinsa da wadda ke bayan na'urar.

Na ɗaya, ƙarfin wutar da ke fita, mai alamar V. Dole ya zama daidai. Adaftar kwamfuta mai bolt 19 za ta iya shiga ramin na'ura mai cin bolt 12, ta kuma ƙona ta nan take. Madubai da yawa suna amfani da ƙwan halojin na bolt 6 mai wat 20, wasu kuma na bolt 12. Idan aka ba na 6 wutar 12, sau ɗaya zai haska.

Na biyu, yawan wutar da zai iya bayarwa, mai alamar A. A nan daidai ko fiye ake nema. Na'urar da ke bukatar amfiya 4 za ta zauna lafiya da akwati mai 5, domin abin da take bukata kawai za ta ja. Idan aka ba ta mai 2, za ta iya kunnuwa, amma da mota ko hita ta tashi sai ta mutu a tsakiyar gwaji, akwatin kuma ya yi ta zafi har ya ƙone.

Na uku, gefen da + yake da gefen da − yake. A jikin adafta akwai ɗan zane da ke nuna ko tsakiyar bakin ne + ko kewayensa. Yawanci tsakiya ne, amma ba duka ba. Idan aka juya, na'urar da ba ta da kariya ta tafi ke nan.

Na huɗu, AC ko DC. Wasu adaftoci ƙaramar AC suke fitarwa. Lambar 12 a jiki ba ta isa ba, a duba haruffan da ke biye da ita.

Na biyar, girman baki. Akwai bakin da faɗinsa milimita 5.5 ne, raminsa 2.1, akwai kuma mai rami 2.5. Da ido ba a rarrabe su, amma mai faɗin rami yakan yi sako-sako, wuta ta riƙa yankewa da an taɓa tebur.

Na shida, wutar da akwatin ke karɓa. Wanda aka rubuta wa 100 zuwa 240 yana aiki ko'ina. Kayan da aka kawo kyauta daga Amurka kuwa galibi na bolt 120 ne, na Japan 100. Wasu suna da ɗan makunni a baya mai 115 da 230, kuma idan yana kan 115 aka soka shi a soket ɗinmu, ƙara da hayaƙi ne za su biyo baya. Taransfomar saukar da wuta tana gyara ƙarfin, amma ba ta sauya yawan kai da komo. Motar da saurinta ya dogara da shi, idan an ƙera ta don 60 aka ba ta 50, za ta rage gudu da kusan kashi 17 cikin ɗari.

Na bakwai, wayar ƙasa. Na'ura mai jikin ƙarfe tana bukatar ta don kare mai aiki daga jan wuta, kuma na'urorin awo suna dogara da ita don kore hayaniyar lantarki. Ba a maye akwati mai ƙafa uku da mai ƙafa biyu.

Na'urori iri ɗaya ma cikinsu yakan bambanta

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Kamfani yakan ci gaba da sayar da na'ura da suna ɗaya tsawon shekaru, alhali ya sauya kayan cikinta sau biyu ko uku. Madubi mai ƙwan halojin da ƙaninsa mai fitilar LED suna iya zama da jiki iri ɗaya, amma abin da ke shayar da fitilunsu daban ne sarai: na halojin ƙarfin wuta yake daidaitawa, na LED kuma yawan wutar da ke ratsawa yake ƙayyadewa.

Da fanel na ciki abin ya fi wuya, domin layuka da yawa yake fitarwa lokaci ɗaya, misali 5 na ƙwaƙwalwar na'ura, 12 na fanka, 24 na mota da famfo. Mahaɗi iri ɗaya zai iya shiga daram alhali jerin wayoyin ya bambanta, sai 24 ya faɗa inda 5 ya kamata. Launin waya ba hujja ba ne. Abin dogaro shi ne lambar sashe da lambar bugu da aka buga a jikin fanel ɗin. Idan duka sun zo ɗaya, an yi sa'a. Idan sun bambanta, sai a auna kowace ƙafa ta mahaɗin da mita, a kwatanta da littafin gyara, ko a tambayi wakilin kamfanin. Kafin a zare ko da waya ɗaya, a ɗauki hoton komai da wayar hannu, a kuma yi wa mahaɗai alama.

Na'ura ta kunna. An gama ke nan?

A'a. A ɗakin gwaji, na'urar da ta mutu ta fi wadda ke ƙarya sauƙin haɗari, domin matacciya kowa ya san ta mutu.

Ɗauki injin juya jini da ake auna yawan jini da shi, gwajin da aka sani da PCV. Ana juya siririyar kwalba da gudun kusan zagaye 12,000 a minti na tsawon minti biyar domin jajayen ƙwayoyi su danne sosai. Idan gudun ya ragu, ruwan jini yakan maƙale a tsakaninsu, awon ya fito sama da gaskiya. Yaron da maleriya ta shanye wa jini, ko mai juna biyu da ke bukatar ƙarin jini, sai a ga kamar da sauran jini a jikinsu, a sallame su.

Injin auna sukari da aikin ƙoda yana aiki ne da haske: fitila tana haska samfur, na'ura ta auna hasken da ya ratsa. Idan wutar fitilar tana rawa, lambobin ma za su yi rawa. A madubi kuma, ƙwan halojin da bai sami isasshiyar wuta ba yakan ba da haske rawaya-rawaya, wanda ke dusashe launin da rinin Giemsa ke ba ƙwayar maleriya, mai dubawa ya wuce ta bai gani ba.

Saboda haka bayan kowace musaya a auna layukan wuta na'ura tana cikin aiki. A bar ta ta yi zafi, a saurara ko akwai wari ko baƙuwar ƙara. Sannan a saka samfurin da aka riga aka san sakamakonsa, wanda ma'aikata ke kira kwantirol, na ƙasa da na sama. Inda babu shi, a raba samfur ɗaya biyu, a gwada a wannan na'ura da wata da aka amince da ita. Ƙa'idar ingancin ɗakunan gwaji ta duniya, ISO 15189, ta wajabta a tabbatar da na'ura bayan gyara kafin a mayar da ita aiki, kuma Majalisar Kimiyyar Gwaje-gwajen Lafiya ta Najeriya, MLSCN, da wannan ƙa'ida take tantance ɗakunan gwaji.

Haɗarin da ke kan mai gyara

Zare filogi ba ya ƙarar da wutar da ke ciki. Babbar kafasitar akwatin wuta tana riƙe kusan bolt 325 idan wutar soket 230 ce, a wasu ma takan kai kusan 400, kuma takan daɗe da ita bayan an kashe. A jira, a auna da mita, a sauke ta ta hanyar rezista. Ba a haɗe ƙafafunta da sukudireba. A cire zobe da agogo, kuma kada mutum ya yi aikin shi kaɗai a ɗaki.

Haɗari na biyu ba na lantarki ba ne. Na'urar da ta sha jini da majina da fitsari tana iya ɗauke da ƙwayar ciwon hanta ko ta tarin fuka. Alhakin ɗakin gwaji ne ya tsabtace ta kafin ya miƙa wa mai gyara, shi kuma ya sa safar hannu.

Fiyus kuwa, wanda ya ƙone ana maye shi da mai lamba iri ɗaya, har da harafin T na mai jinkiri ko F na mai sauri. Naɗa masa waya ko takardar sigari cire wa na'ura mai gadinta ne, kuma hanya ce ta tashin gobara a asibiti.

Na'urorin da bai kamata a buɗe ba

Duk na'urar da ke cikin wa'adin garanti ko yarjejeniyar gyara, buɗe ta yakan soke haƙƙin gyaran kyauta. Misali mafi kusa shi ne GeneXpert, injin kamfanin Cepheid da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi don gwajin tarin fuka a watan Disamba na 2010, wanda Najeriya ta mayar gwajin farko na cutar a 2016. Gwajinsa yakan ɗauki kusan awa biyu, kuma idan wuta ta yanke a tsakiya kwanson gwajin ya tafi a banza. Abin da ke hannun asibiti shi ne ya tsare masa wuta mai kyau da UPS da batir, da ɗaki mai sanyi da bai wuce digiri 30 ba. Idan ya lalace, ta hannun shirin yaƙi da tarin fuka ake kai rahoto, su turo wanda aka ba izini.

Haka kuma na'urorin da ake jona wa jikin majiyyaci, irin na duba bugun zuciya, akwatin wutarsu yana da ƙa'idar kariya ta musamman, IEC 60601, wadda ta fi ta kayan ɗakin gwaji tsauri. Adaftar kasuwa ba ta maye gurbinsa ko da lambobinta sun zo daidai.

Ina makomar na'urar da aka cire wa kaya?

Nan ne asibitoci ke yin asarar da ba a gani. Yau an ciri akwatin wuta, gobe fanka, jibi allon nuni, babu wanda ya rubuta. Bayan shekara na'urar da ƙaramin gyara ya isa ta tashi ta zama fanko a sito. Maganin abu ne mai sauƙi. Kowace na'ura ta zama da littafinta. A rubuta ranar da ta tsaya, abin da aka gano, abin da aka cire, daga ina zuwa ina, da sunan wanda ya yi, da sakamakon kwantirol. A liƙa takarda a jikin wadda aka cire wa, a kuma nemi madadin sashen a ranar, kada a jira sai ta biyun ta mutu.

Shi ma mataccen akwatin kada a jefar. Sau da yawa fiyus ne, ko kafasita, ko diyod, kayan da ake samu a Panteka ta Kaduna ko Sabon Garin Kano, kuma ƙwararren mai gyaran talabijin ya san su. Idan an gyara shi aka gwada shi da ƙwai, ya zama ajiya ta gaba.

Me ya rage ga hukumomi?

Tun daga watan Nuwamba na 2024, da aka ƙulla sulhu a yankin aka kuma sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, zirga-zirga ta ƙaru a hanyoyin da a da ba sa biyuwa. Wannan dama ce ta a kai wa cibiyoyin lafiya abin da suka daɗe ba su samu ba. Masu sayen kaya su rage yawan nau'o'i, domin sashen wannan ya shiga waccan. Duk na'urar da za a saya ta zo da littafin gyara, da fiyus, da ƙwai, da akwatin wuta na ajiya. Kada a karɓi kyautar na'urar da ba ta dace da wutarmu ba. A saka wa ɗakin gwaji layinsa na daban, da wayar ƙasa ta gaske, da abin tare tsallen wuta, da inbata mai fitar da wuta mai santsi inda ake amfani da sola. Babban asibitin garin ya zama yana da mai gyaran kayan asibiti da aka horar, da mita da kayan aikinsa, wanda zai riƙa zagaya ƙananan cibiyoyi a kan jadawali. 

Kai kuma ma'aikacin ɗakin gwaji, da kai mai gyara, idan na'ura ta tsaya kuma ga irinta a gefe, ku tsaya ku amsa tambayoyi uku kafin ku ɗauki sukudireba: me ya kashe na farkon, shin lambobin sun dace ɗaya bayan ɗaya, kuma da me za mu tabbatar da sakamako bayan ta tashi? Idan ɗaya daga ciki ba ta da amsa, ku bar mai aiki ta ci gaba da aikinta, ku kira wanda ya sani. Marasa lafiyar da ke layi a kan wannan na'ura suka dogara.